Daga Sifiri Zuwa Goma

Laraba ce ranar yara masu amosanin gaɓɓai.
Ni ce tafinta.
Kujerata na tsakanin likita da taga,
inda hayaniyar Idi-Araba ke shigowa ba sallama.

Takardar daga nesa ta taso, ta ƙetaro teku,
an juya ta Yarabanci, an juya ta harshen Ibo,
ni kuma aka ce in sa mata bakin Hausa.
Kowace tambaya da akwatuna huɗu:
ba wuya, 'yar wuya, wuya sosai, ba hali.

Suwaiba, shekara tara, daga Agege.
Rabin hanya a danfo, rabi a bayan uwa.
Yatsunta sun yi ƙulu-ƙulu kamar ɗanyar citta,
gwiwar hagu da ɗumi
kamar tukunyar da aka sauke ɗazu.

Na karanta: tana iya shiga kwamin wanka ta fito?
Uwar ta dube ni. Na dubi takarda.
Bokiti ne a gidansu,
ɗaki goma sha ɗaya, banɗaki ɗaya,
layi tun kafin kiran assalatu.

Tana iya buɗe ƙofar mota?
Kwandasta ne ƙofar danfo,
shi kuwa danfo ba ya tsayawa,
sassautawa yake yi.

Takarda ba ta tambayi zaman tahiya ba,
ba ta san ana durƙusawa a gaida kaka ba,
ba ta san faɗin kwata bayan ruwan Legas ba,
ko yadda ake gutsuro tuwo da yatsu uku
idan biyu sun ƙi lanƙwasa.

Sai layin ƙarshe, dogo, daga sifiri zuwa goma,
fuskoki shida a jere, daga dariya zuwa hawaye.
Ɗazu kakar Ayomide ta ɗora hannu a ka, ta ce goma.
Uban Chidubem ya ce uku,
yana matse kafaɗar ɗansa kada ya ƙara.
Na ce da uwar Suwaiba: yaya jikin?
Ta ce, da sauƙi, alhamdu lillahi.

Alƙalamin likita ya nufi biyu.
Na ce a dakata.
Mahaifina ma da sauƙi ya ce
daren da bai kai safiya ba.

Aka miƙa wa yarinya fuskokin.
Ta daɗe tana dubawa,
ta ɗora kumburarren yatsa kan mai dariya.
Na ce, ba ya ciwo ke nan?
Ta ce, yana yi.
To don me?
Ta ce, wannan ce ba za ta sa Inna kuka ba.

Fanka na juyawa. Wani okada ya yi oda a ƙasa.

Na ajiye takardar a cinya,
na yi tambayar da ba ta ƙetaro teku ba:
me kike so ki yi gobe da safe?
Ta ce, in ɗaura ɗankwalina da kaina.
Kullin baya ne ke gagara ta,
sai Inna ta gama soya ƙosai,
har a rufe ƙofar makaranta.

Likita Adebimpe ta ce, me ta faɗa?
Na mayar mata, kalma bayan kalma.
Ta nemi akwati, babu.
Ta rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe,
inda na'ura ba ta karantawa:
ɗankwali, kullin baya, a sake tambaya wata mai zuwa.

Da za su tafi, Suwaiba ta ƙi goyo.
Matakala goma ce zuwa tsakar asibiti.
Ta kama ƙarfe,
ƙafar dama ta fara, ta hagu ta same ta.
Ina jin ta tana ƙirgawa,
ɗaya, biyu, uku,
a kan ta bakwai ta huta,
uwar na riƙe da takalman,
ba ta ce mata komai ba.