Abin da Gara Ta Rage

Gobe da asuba zan hau motar Birnin Kebbi
daga tashar Yelwa, kujerar bayan direba.
Malamin ofishin adana takardu ya faɗa min a waya:
"Ki zo da katin shaida, da fensir, ban da biro.
Ki zo da cikakken suna, da shekara."

Suna da shekara.
Da ma cewa ya yi in ɗebo masa kogi a rariya.

Na sami Iya Tabawa tana tsince albasa a tsakar gida,
na buɗe littafi, na ce, Iya, sunan kakana.
Ta ja gefen zane ta rufe baki.
Damina talatin ke nan da aka kai shi makwanci,
har yau harshenta bai yarda ya ɗauki sunan ba.
"Maigidan nan," ta ce. "Mai kwalekwalen nan dai."

Sai na gangara bakin ruwa wurin Baba Ɗangwani,
yana ɗinkin koma da zare a haƙori.
"Mu Maigora muke ce masa in an fita su.
Uwarsa Tanko take kira, don mata ya bi.
Liman ya raɗa masa Zubairu.
Abin da malamin haraji ya rubuta kuwa,
sai shi da alƙalaminsa."

Shekarar fa, Baba?
"Shekarar fara aka haife shi."
Wace farar?
"Wadda ta cinye gero ta bar mana kara."
Ya yi aure bayan kifewar jirgin 'yan biki,
ya bar gungu ranar da ruwan madatsa ya taɓa gindin rumbu.
Ya fito da tabarma, da uwarsa a baya,
ya bar kabarin ubansa ga giwan ruwa da tarwaɗa.

Wane layi na fom zai ɗauki wannan?

A ƙasan adakar Iya, cikin gwangwanin alewa,
na tarar da takarda mai launin shayi.
Gara ta riga ni karatu.
Ta cinye gari, ta cinye wata, ta cinye rabin hatimi,
ta bar min haruffa huɗu: airu,
da lamba mai kama da bakwai, mai kama da ɗaya,
da kalmar sulai.
Na sa ta a leda, na sa ledar a cikin leda.

Yanzu ga jakata a buɗe kan gado:
fensir biyu da reza,
wasiƙar neman izini da na sake rubutawa sau uku
don kada in yi kama da mai neman gādon gona,
ƙuliƙuli, cajar waya,
da jerin sunaye uku na mutum guda.

Na san abin da zai iya tarbata.
Mai makulli ya tafi ta'aziyya Jega.
Fayil ɗin yana Sakkwato tun kafin a raba jiha.
A'a, Kaduna za ki.
Ko a ajiye min kundi mai ƙamshin jemage,
in bi layi da yatsa har la'asar,
in iske Zubairu goma sha tara,
kowa da sulallansa, babu mai gora.

Zan je duk da haka.
Wanda garinsu ke ƙarƙashin ruwa
ba ya raina busasshiyar takarda.

Na kashe fitila, sai na ji takun Iya.
Ta kwance bakin zane, ta danƙa min kuɗin mota
masu ɗumin jikinta da warin albasa.
Ta tsaya a ƙofa, ta ba ni baya.

"In kin gan shi," ta ce,
"ki ɗauko min hotonsa a wayar nan taki.
Kada ki karanta min da ƙarfi.
Ki dai kama yatsana
ki ɗora a daidai wurin."