Ankon Baki

Ran da aka rufe gari
keken ɗinkina ne ya fara ji.
Ya yi tsit da rana tsaka
kamar wanda aka ritsa yana gulmar maƙwabci.

Atamfar bikin 'yar Alhaji Sahabi,
turmi goma sha biyu, kore da ruwan goro,
tana jibge a kusurwa.
An ɗage biki.
Cikin yarana ba wanda ya ɗage shi.

Titin Agege da ba ya barin kunne ya huta
yau awaki ke ratsa shi a natse.
Ba danfo, ba kwandasta mai rera Oshodi, Oshodi,
layin dogo ya miƙe ƙafa yana gyangyaɗi.
Ladan Ɗanliti ya kira azahar,
ya ce kowa ya yi tasa a gida,
muryarsa ta tsinke a nan
kamar zaren da ya daɗe a rana.

Rediyo ta ce a wanke hannu, a yi nesa da juna.
Nesa ina?
Ɗaki ashirin da biyu, famfo ɗaya, bayi biyu.
In na yi miƙa na daki bangon Okwudili,
in ya yi atishawa ni ke ce masa sannu.

Ran Laraba Barira ta yi tari a layin famfo.
Tarin gawayi ne, wallahi,
shekara shida tana tuyar ƙosai da shi.
Bokitai suka watse.
Iya Morenike, da hannunta ta yanke cibiyar autanmu,
ta fizge jikanta, ta danna sakata.
Barira ta cika jarka ita kaɗai,
ba ta taɓa samun ruwa da sauri haka ba,
ba ta taɓa dawowa da kuka ba sai ranar.

Suka ce mu muka kawo ta cikin motar tumatir.
Muka ce ta masu jirgin sama ce, a tambayi Ikoyi.
Okwudili ya ce babu wata cuta, kuɗi ake ci,
yana faɗa yana goge hannu da ogogoro.

Sai tallafi ya zo: shinkafa mudu huɗu, burodi biyu,
ga rai saba'in da ɗoriya.
A raba da ɗaki ko a raba da kai?
Mai 'ya'ya bakwai ya ce kai,
gwauro ya ce ɗaki,
aka yi ta har magariba da harshe uku,
kaji na tsince abin da ya zube.

Daren nan aka ce yaran unguwar gaba na tafe
gida gida, da adda.
Muka fito, mai taɓarya, mai gora, ni da almakashi,
muka kunna taya a bakin layi.
Kafaɗata a jikin ta Okwudili,
ɗan Iya Morenike na miƙo min ruwan leda
da bakinsa ya riga ya huda.
Na sha.
Tsoro ya kori tsoro har asuba.
Ba wanda ya zo sai sauro.

Da safe na shimfiɗa atamfar.
Alhaji, ka yafe, in gari ya buɗe na biya.
Na yanka ta tafin hannu, tafin hannu,
na ɗaura igiya, keke ya tuna muryarsa.

Wajen la'asar na ji ana gogar ƙofa.
Kwanon garin rogo ne ake turowa da tsintsiya,
Iya Morenike na can nesa, ta ɗaga yatsu uku,
ta tambaya a hankali: yaya tarin Barira?

Yanzu ka zo layin famfonmu ka gani,
kore da ruwan goro a kan kowane hanci.
Mun yi anko, ba amarya, ba kiɗa,
ana harara, ana gaisawa da ido,
ana jiran ruwa.