Haƙoran Makulli

Rumasa'u ta dawo hutu daga jami'a
da wata sabuwar fitina a cikin waya.
Ta ja benci ta zauna gaban teburina
a Ƙofar Ƙwaya, inda nake yankan makulli,
ta ce, "Baba, yau za mu san ko kai wane ne."
Na ce shekara hamsin da uku ina amsa sunana,
ban taɓa jin an yi cigiyata ba.

Tambaya sittin. Tana karantawa, tana fassarawa.
Kana son taro, ko kana son kaɗaici?
Na ce wane taro, na suna ko na rabon gado?
Ta ce, "Ba a tambayar tambaya. E ko a'a."
In an ɓata maka, kana faɗa ko kana haɗiyewa?
Na ce ya danganta da wanda ya ɓata,
da ko na karya kumallo,
da ko yana bina bashi.
Ta harare ni. Ashe wayar ba ta da gurbin bashi,
kuma ba ta san yunwa ba.

Sai ga haruffa huɗu na boko.
Wai mutanen duniya kashi goma sha shida ne,
ni ina cikin masu shiru, masu tsari,
masu auna magana kamar awon gero a tsakiyar marka.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na kai wa Sada mai shayi labari.
Dariya ta sa ya ɓarar da rabin kofi:
"Kai ne mai shiru? Ranar da aka ci ƙungiyarku
har Rafindadi an ji muryarka."
Kulu kuwa ta ce, "Tsari?"
Ta nuna hulata a kan buhun masara,
takalmi ɗaya ƙarƙashin gado, ɗayan Allah masani.
Iro, yaron shagona, ya sunkuyar da kai,
ya ce maigida ai mai haƙuri ne.
Shi ƙarshen wata yake jira, ban ƙirga tasa ba.

Gwano ba ya jin warin jikinsa.
Na kwana ina taɓa kaina kamar kwaɗo mai tsatsa.
Garinmu da kara ake yi mana kirari,
a ce kunya ce gare mu.
To shirun da na yi ranar da yayana
ya sayar da gonar babanmu ta hanyar Jibiya,
na sa hannu, na ce Allah ya sa albarka,
na zo gida na kasa haɗiye tuwo kwana uku,
kara ce? Kunya ce?
Ko abin nan ne da muke cewa ba mu da shi?
Wannan ba ta cikin sittin ɗin,
ni ma ban taɓa yi wa kaina ita ba.

Da hantsi wata tsohuwa ta kawo makullin akwati.
Na duba allon da nake rataye ɗanyun makullai,
kowane iri da ƙusarsa,
na zaro ɗan'uwan nata sak.
In ta kai shi gida a haka
zai shiga, amma ba zai juya ba.

Na ɗaure shi, na sa magagari.
Nan a rage, nan a bari, nan a zurfafa.
Inda aka ci, nan ne ke buɗewa.
Na ɗaga shi a rana, na daɗe ina kallo.
Wataƙila haruffan nan ɗanyen makullina ne.
Haƙoran kuwa: rasuwar Inna ina ɗan tara,
shekara biyu a Legas ina kwana kan kwali,
gonar nan, da daren ruwan da aka haifi Rumasa'u.
Kowanne ya ci rabonsa ya wuce,
ko ɗaya bai nemi izinina ba.

Tsohuwa ta ce, "Malam, lafiya? Sauri nake."
Na goge shi da bakin riga, na karɓi ɗari biyar.
Bayan la'asar na bar wa Iro tebur,
na tsayar da ɗan acaɓa, na ce Sabuwar Unguwa,
da maganar shekara bakwai a bakina.
Ko za ta juya, ko za ta karye a ciki,
har muka wuce shataletale ban sani ba.