Gurbin Anini

A Maiwurno, bayan la'asar,
Baba Ɗanliti kan shimfiɗa tsohon rawani
ya zazzage gwangwanin shayi a kai.

Ga kwabo mai huji, ga ɗari, ga taro,
ga sisin da ya sha hannu har rubutunsa ya gudu.
Girshi mai raƙumi yana gefe,
shi ɗan gida ne.

Yakan ɗaga kowanne ga rana:
wannan bakinsa ya cinye,
wannan bai taɓa ganin kasuwa ba,
wannan wani gwani ya dirje shi da tsamiya, ya kashe shi.

Gurbi ɗaya ne wayam.
Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, Makka a ransa,
ya bar aninin a hannun mai fito,
auduga kuma ta riƙe shi a nan.

Shekara ashirin ana cigiya,
Madani, Gadarif, Umdurman.

Jiya jikarsa Talle ta shigo a guje,
anini na lilo a jelar kitsonta,
makitsiya ce ta ɗaura mata.

Ya jima yana kallo.
Sai ya rufe gwangwani.