Takardar Riba

Ni ce Hajjo, mai banda a gindin gadar Binuwai.
Shekara ashirin da biyu hayaƙi na cin idona.
A boko ban san ko bihim ba,
amma ka kawo kwandon tarwaɗa,
kafin ka dire na faɗa maka kuɗinsa.

Sallau ɗan yayata ne ya zo da maganar,
jakar fata a hammata, gumi har cikin takalmi.
Ya ce, Inna, kifi kwana uku ya juya,
karatu kuwa ba ya wari.
Ga makarantar dare an buɗe a Yelwa,
bene hawa biyu, da injin wuta nata na kanta.
Ba yara ba ne, magidanta ne masu albashi,
su tashi aiki, su yi magariba, su zo su biya.
Zuba jari.

Na kwance adashin shekara uku.
Na dangwala babban yatsa inda ya nuna.

Wani dare na hau babur na je na gano gonata.
Ta taga na leƙa.
Ga ungozoma da farar rigar asibiti ba ta ko cire ba,
ga direban motar auduga yana gyangyaɗi a kan biro,
ga wani mai furfura ya tanƙwashe a kujerar da ta yi masa kaɗan.
Na ƙirga kawuna yadda nake ƙirga kifi a kan waya,
arba'in da bakwai,
na ce Alhamdulillahi, na koma gida.

Bayan salla babba takarda ta iso,
da ambulan mai nauyi, sefa sababbi masu ƙamshi.
Takardar da Faransanci take.
Na kira Tanimu, mai gadin sito a maƙwabtanmu,
wanda ke cin kifina bashi ran Laraba,
shi ma can yake neman difloma ta akanta.

Ya tsuguna kusa da murhu yana fassara mini.
Kuɗin rajista, kaza.
Kuɗin zango, kaza.
Sai ya tsaya.
Na ce, wuta ce ba ta isa ba? Na ƙara ice.
Ya ce, a'a Inna, layin nan ne ya fi kowanne ƙiba:
tarar jinkirin biya,
da kuɗin sake zaman jarrabawa.
Ya yi 'yar dariya.
Ya ce, jaka goma sha biyar a ciki tawa ce,
watan da Ladidi ta haihu aka tsare ni a ƙofa,
ina jin muryar malami ta bango
kamar mai jin kiran salla daga cikin rijiya.

Ya ninke takardar gida huɗu, ya miƙo da hannu biyu.

Ban yi barci ba.
Kwale-kwale na wucewa, dorina na huci can tsallake.
Ciniki dai ba haram ba ne,
ni ma ba kyauta nake ba da karfasa ba,
injin wuta ba da addu'a yake tashi ba,
malamai na da bakuna a gida.
Amma ni a sana'ata
in kifi ya faɗi a toka, asarata ce.
Wace irin kasuwa ce wannan
da in mai saye ya yi tuntuɓe, mai kaya ya ƙoshi?

Sallau ya ce akwai taron masu jari ran Asabar,
kowa da murya gwargwadon kuɗinsa.
Tawa, in ji shi, ba ta kai cikin cokali ba.
To.
Na wanke mayafi, har yanzu yana warin hayaƙi.
Ambulan na ƙarƙashin tabarma, ban taɓa ba, ban mayar ba.
Tanimu zai raka ni.
Shi zai juya musu maganata,
in sun bar shi ya wuce ƙofa.