Hannun da Ke Bayana

A shagon askin Orville, kan titin Lorain,
tun safe ake musu, almakashi na ta ƙyas-ƙyas:
"Yaron nan Tavion, ya kai gwani?"
Wani ya ce ya kai. Wani ya ce tukuna,
shekara ashirin da huɗu, ko zoben nasara ɗaya babu a yatsa.
Suka baje lissafi kamar masu bin bashi:
yadi dubu huɗu, jifa talatin da ɗaya ta isa gida,
goma sha huɗu kuwa ya miƙa wa abokan karawa
kamar mai rabon sadaka.

Ni ina kujera, an ɗaura min ƙyalle har wuya.
Ba wanda ya tambaye ni.
Ba a tambayar mai duƙawa.

Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya:
in duƙa, in dafe ƙwallo a ƙasa,
in miƙa ta baya ta tsakanin ƙafafuna.
Mutum dubu saba'in na ganin fuskarsa a allo,
ni bayan hannunsa na sani.
Madugai shida na yi wa wannan duƙawa.
Akwai wanda tafinsa ke jiƙewa tun ba a busa ba,
akwai mai ƙidaya da murya kamar ana shaƙe shi,
akwai wanda aka naɗa gwani a Satumba,
bazara na yi yana dillancin motoci a Toledo.

Disambar bara, iskar tafkin Erie na yankan kunne,
ƙanƙara ta cinye farin layi,
saura daƙiƙa arba'in, an fi mu da maki huɗu.
Wani ƙato mai lamba casa'in da tara
ya wuce ni kamar ƙofar da ba sakata.
Laifina ne. Na ji ƙarar haƙarƙarin yaron
kafin in waiwaya.
Ya miƙe, laka a ragar kwalkwalinsa, jini a leɓe,
ya dafa ƙeyata ya ce, "Gunnar, takalminka ya kwance."
Iyakar abin da ya ce ke nan.
Da ya sake sa hannu a bayana,
hannun a bushe, da ɗumi, ba rawa,
kamar na mai zaro ƙwai daga ƙarƙashin kaza.

Ya jefa. Ta tashi tana murzawa kamar mazari,
ta tsaga dusar, ta sauko,
ta wuce yatsun mai kamawa da taƙi ɗaya.
Aka cinye mu.

Rediyo ya kwana yana feɗe shi.
Masu taye a talabijin, waɗanda ba su taɓa tofar da haƙori a ciyawa ba,
suka ce ranar wanka cibi ya fito.
Ran Talata ƙarfe biyar na asuba
na tarar da shi a ɗakin duba faifai, ya riga mai shara,
ƙirji a naɗe, kofi ya huce,
yana mayar da jifar nan baya, baya, baya.
"Taƙi ɗaya, Gunnar," ya ce bai juyo ba.
"Dugadugina ne. Dubi."

Sai Orville ya tsayar da aska, ya tuna da ni:
"To kai fa, babban mutum, ya kai ko bai kai ba?"

Na ce kalmar nan ta masu zama ce, ban iya auna ta ba.
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare,
tasa kuwa ko tafasa ba ta gama ba.
Abin da na sani, gwiwoyina biyu sun zama tsakuwa,
likita ya ce in haƙura, matata ta ce in haƙura.
Jiya na sa hannu a takarda. Shekara ɗaya kuma.

"Wannan ai ba amsa ba ce," in ji Orville.

Na ce, rage min gefen nan kaɗan,
kwalkwali na matse ni.