Sifili ko Ɗaya

Ofishinmu yana saman bene a Sabon Gari,
ƙasanmu mai gyaran fanka ne.
Taga ɗaya gare mu, tana kallon layin dogo.
Suna dubu huɗu da ɗari shida da sha ɗaya
ke kwance cikin kwamfutar da ke gabana,
tsofaffin ma'aikata masu jiran kuɗin sallama,
kowa a gurbinsa kamar 'ya'yan dara.

Aikina tambaya guda ce.
In sa alamar daidai, in buɗe baka, in ce:
ƙirga min, daga layi na biyu har ƙasa,
sau nawa wannan sunan ya fito?
In rufe baka. In danna.
Ita ba ta san sannu da zuwa ba,
ba ta san Allah ba da haƙuri ba.
Ɗaya, kana ciki.
Sifili, sauka ta inda ka hawo.

Ranar Talata Baba Ɗanlami Tanko ya iso
daga Gyallesu, rabi a mota, rabi a ƙafa,
yana hutawa duk bayan matakala uku.
Takardarsa na cikin ledar burodi,
ta sha ninki har ta yi laushin tsumma.
Shekara talatin da ɗaya yana awon auduga,
in ji shi, bai taɓa danne sikeli ba.

Na rubuta. Na danna.
Sifili.

Ya ce, "'Yata, me ta ce?"
Na ce, "Bari in sake tambayarta."
Sifili dai, a zagaye kamar bakin rijiya.

Ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya mayar.
"To ni ina nake, in ba na nan?"

Na yar da Tanko, na bar Ɗanlami. Babu.
Na duba ko iska ta maƙale a bayan sunan,
don tazara ɗaya da ido ba ya gani
ta isa ta ɓatar da mutum. Ba ita ba ce.
Sai na yanki wutsiyar sunan, lami kawai,
na kafa mata tauraro gaba da baya:
kamo min duk mai kama da wannan.
Ta ce bakwai.
Na bi su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
a layi na dubu biyu da tamanin na same shi
tsaye, ba ƙugiya a kansa: Danlami.

Wanda ya shigar da shi, madanninsa ba su san ɗa ba.
Lanƙwasar da ba ta kai ƙwayar gero ba
ta raba dattijo da guminsa.

Na cire masa ƙugiyar. Na danna.
Ɗaya.
"Ta gane ni?"
"Ta gane ka, Baba."
Ban gaya masa sai da na rage masa suna ba.
Ya ajiye min dabino biyu a gefen madannai,
ya sauka, bai huta ko sau ɗaya ba.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta.
Kowa ya tafi, batir saura tara.
Ban san me ya ja hannuna ba,
na buɗe baka na rubuta Shu'aibu Maikano,
wanda damina biyu ke nan
da muka ga an fita da shi ta ƙofar zaure,
ya bar takalmansa a bakin ɗaki.

Ɗaya.

Layi na ɗari tara da sha uku.
Sunansa daidai, ba harafin da ya goce,
yana zaune tsakanin Shitu da Sidi,
yana jira kamar kowa.

Na san akwai gurbin da ake cikewa,
na san kalmar da ake rubutawa a ciki.
Gobe zan rubuta.

Yau dai ta ce yana nan.
Na ci dabino ɗaya,
na bar ta tana faɗa
har allon ya yi duhu.